Ba A Tsayawa Cikin Rairayi

Kullum na zauna a bakin tashar Tasawa sai na ji ku, ku samarin kabu-kabu, kuna tsara yadda za ku shiga soja. Wannan ya ce shi tuƙi zai yi, wai direban soja ba ya shan wahala, yana zaune cikin inuwar mota, a dafa a zuba masa. Wancan ya ce shi kaki kawai yake so, ya dawo gari da takalmi mai ƙara, dangi su riƙa tinƙaho da shi. Ina jin ku ina shan shayina. Mutumin da bai taɓa tuƙa abin da ya fi babur ɗin Alhaji nauyi ba, har yana da bakin faɗin abin da ke da sauƙi a tuƙi. To ku matso. Ni Illo, na riƙe sitiyarin kamyon soja, babbar motar kaya, tun ba ni da gemu har gemun ya yi furfura, kuma ladar da na samu a gidan ubana ita ce tabarmar baƙo da kwano mai murfi. Shekara da shekaru yayana bai sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Wannan ne ba a gaya wa kowa ranar ɗaukar soja.

Ba ni na kai kaina ba ma. Da aka aiko wa mai gari ya ba da samari, Baba ya dube mu mu biyu, ni da Yaya Mamman. Yaya shi ne babba, shi ne ƙarfin gandu, hauyarsa ba ta gajiya. Ni kuwa an ce hannuna ya fi son kwance keken mutane da noma. Baba ya ce, "Illo shi tahi." Duk gidan suka ce madalla, har da Yaya, shi ne ma ya rako ni bakin hanya ɗauke da ƙunshina. Ku riƙe wannan da kyau, don nan gaba za ku ji mutanen nan suna magana kamar ni na tsere na bar su da gona.

Aikina na farko a garejin bariki shi ne hura taya da famfon hannu. Wanda ya koya mini mota wani Buzu ne, Sarzan Agali, dogo siriri, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Na yi wata da watanni a ƙarƙashinsa ban taɓa sitiyari ba sai in zan goge shi. In wanke kamyo, in cika salkar da ake ratayewa a gefe, in duba ruwa da mai, in kwance tol in ɗaure tol. Tol wasu dogayen ƙarafa ne masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe, kuma duk wanda ya ɗauke su da tsakar rana ya san fatar hannu tana iya zama a jikin ƙarfe. Ranar da na yi ƙorafi na ce ni tuƙi aka kawo ni in koya, Sarzan ya kai ni bayan gari da kamyo cike da duwatsu, ya shiga rairayi, ya taka birki da gangan, ya sauko ya miƙa mini shebur. Ya je gindin wata aduwa ya rufe fuska da rawani ya kwanta. Na yi haƙa tun hantsi har la'asar. Da motar ta fito ya ce, "Ka ga abin da birki guda ya jawo? To yau ka koyi tuƙi. Saura duka wasa ne."

Sana'ar ke nan gaba ɗaya. Kwalta kowa ya iya ta, ko jaki aka ba permi, takardar tuƙi, zai kai ku Maraɗi. Rairayi kuwa sai ka rage wa taya iska tun kafin ka shiga, ka zaɓi giyarka tun kana kan tsauri, don in ka shiga babu sauyawa. Ka riƙe wuta daidai, kada ka ƙara, kada ka rage. Da safe rairayi yana da sanyi, yana ɗaukar nauyi, rana na dukansa sai ya saki jiki ya zama gari. Kuma duk abin da ya faru, ba a tsayawa. Hularka ta faɗi, ka bar ta. Cikinka ya murɗa, ka san yadda za ka yi da wandonka. In kuwa ayari ne kuma kai ne a gaba, tsayawarka tsayawar kowa ce, don na baya ba shi da inda zai kauce, duk sai ku nutse a jere. Ku da kuke taka birki a tsakiyar hanya don kun hango budurwa, da Sarzan Agali ya riske ku da kun sha shebur.

Na ɗauki kaya iri-iri a bayan motar nan. Na ɗauki sababbin sojoji suna amai a kan junansu, na ɗauki gadon matar kumandan da tukwanenta, ita tana gaba tana gaya mini yadda ake kauce wa rami. Na ɗauki siminti, na ɗauki gangunan man gazuwal, na ɗauki gawa. Manya ba sa sanin sunanka sai ranar da mota ta lalace, ranar kuwa har sunan kakanka za ka ji. Ka kwana ƙarƙashin mota da kunama, ka sha ruwan salka mai warin akuya, ka isa inda aka aike ka a ce me ya tsayar da kai. Wannan duka ban ɗauke shi wahala ba, aiki ne, kuma na iya shi.

Hutuna na farko na zo gida da sukari da sabulu, da bargon soja na ba Inna. Aka yi murna kwana biyu, sannan maganganu suka fara fitowa. Wai na yi ƙiba. Wai hannuna ya yi laushi kamar na malamin lakwal, mai koyar da boko. Ƙanwar Baba ta ce ta ji labari sojoji shinkafa suke ci har su zubar. Babu wanda ya tambayi abin da ya ƙone mini tafin hannu. Kowace damina ina can wata uwa duniya da mota, su suna gona, kuma duk kunyar da Yaya ya nome sai ya ga tawa ce ya nome mini. Aurensa da Habsu ban samu zuwa ba, an tura mu gabas. Na aiko da turmin atamfa, aka karɓa, aka ɗinka, aka ɗaura, aka kuma ce ban zo ba. Duk da haka a lokacin in na zo, akushi ɗaya muke ci ni da shi a ƙofar gida, yana tsokanata ina ramawa. Wannan ƙorafin yau da kullum ne, kowane soja yana da irinsa a gida, ba ya hana barci.

Sai shekarar fari ta zo, babbar, wadda kakanninku ke rage murya in za su ambace ta. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Mata suka shiga daji neman anza, su jiƙa ta su zubar da ruwan, su sake jiƙawa, ɗacin bai gama fita ba a ci. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, kuma abu na farko da aka ɗora mana shi ne jigilar hatsin taimako. Aka kawo mu nan Tasawa, ga mangaza cike da buhunan jar dawa daga ƙasashen waje. Doka ta fito a fili: daga mangaza sai wurin rabo, in buhu ya ɓata a tsakani, direba da mai rakiya sai gidan kaso. Ba wasa ake ba, a gabana aka tuɓe wa wani kaki saboda ya sauke wa surukinsa ɗan abin da bai kai buhu ba. Ni nake ɗaure bash ɗina da hannuna, wato tantin da ake lulluɓe kaya da shi, in ja igiya har ta yi kuka, in yi ƙullin da ko wa ya taɓa zan gane. Idan muka tashi, mata na biye da mu da tsintsiya da faifai suna share ƙwayar da ta zube. Wanda ya ga wannan ba ya ƙara cewa tuƙin soja zaman inuwa ne.

Lodin da ya raba ni da gidanmu na Attantane ne. Hanyar ta bi ta Kanan-Bakashe, daga nan ta ratsa ta gefen garinmu, kuma duk ƙasar nan babu rairayi mai cin mota kamar na bakin garinmu, daga tsohuwar rijiya har wani babban gawo kusa da maƙabarta. Ni na san shi tun ina kiwon awaki, shi ya sa aka sa ni gaba. Mun so mu tashi da sassafe, masu lodi suka ja mu, yunwa ta hana su saurin ɗaukar buhu, ba mu iso wurin ba sai da rana ta take. Na tsaya kan tsauri nesa da gari, muka rage iska, na gaya wa na baya kowa ya bi sawuna, kada wanda ya ɗaga ƙafa. Laftanan da ke rakiya yana gefena da bindiga tsakanin gwiwoyi.

Labari ya riga mu isa. An ce ga Illo nan tafe da hatsi. Garin duka ya fito, mata da ƙwarya, maza da buhunan wofi, har guɗa na ji. A gindin gawo kuwa ga Baba tsaye, ya dogara sanda, rigarsa ta yi masa yawa. Ban taɓa ganinsa da rama haka ba. Ya ɗaga hannu, ba irin ɗagawar gaisuwa ba, irin wadda uba ke yi wa ɗa in yana nufin zo nan. Daidai wurin ne rairayin ya fi zurfi, injin yana gurnani, motar tana rawa a hannuna. Na danna oda, na ɗaga masa hannu ta taga, na wuce. A madubi na ga ƙurar ayarin ta rufe shi.

Na san abin da kuke shirin tambaya, an riga ku. Da na tsaya, da kamyon nan duka sun nutse a gaban mutanen da yunwa ta gigita, ga hatsi a bayansu, ga sojoji masu bindiga a kan hatsin. Ku da kanku ku ƙarasa tunanin abin da zai biyo baya. Ko an tsira daga wannan, sai mu kwana muna haƙa, waɗanda ke jira a Attantane kuwa su ma 'ya'yan wasu ne. Ban yi laifi ba, ban kuma taɓa cewa na yi ba. Zafi dai na ji shi har cikin ƙashi, amma zafi daban, laifi daban.

Washegari aka yi rabo a Attantane, ana kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya, har da namu. Ina kan kamyo ina miƙa buhu sai ga Yaya Mamman da jaki, ya taho a ƙasa tun daga gida. Na diro na nufe shi.

"Yaya, ina Baba? Ya jikin nai?"

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Sannu da aiki, Soja."

"Yaya, rairai na. Ka san wurin ga. Da na tsaya..."

"Mun gani. Gari duka ya gani. Tsoho ya ɗaga maka hannu gaban mutane, ka busa mishi ƙaho kamar akuya ta shiga hanya."

Ya ɗaure rabonsu a kan jaki ya juya. Dawar da ya ɗora wa jakin nan daga bayan motata ta sauko. Ita suka ci suka samu ƙarfin zagina, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta tsaya masa a wuya ba.

Daga nan aka tura mu arewa, inda farin ya fi tsanani, muka yi ta kai hatsi sansanin makiyayan da dabbobinsu suka ƙare. Ina can Baba ya rasu, tari ya same shi a kan yunwa. Kafin labari ya iske ni, kafin a ba ni izini, har an yi sadakar arba'in an watse. Na iso gida da yamma na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure. Aka yanka kaza, a shekarar da mutane ke cin anza. Aka kawo tuwo cikin kwano mai murfi aka aje gabana ni kaɗai. Yaya ya zo ya tsaya daga bakin zaure ya gaishe ni yadda ake gaida baƙon mai gari, ya hanya, ya aiki, ya manyanku. Sannan ya koma ƙofar gida ya jawo tsohon akushinmu ya ci abinsa.

Ku 'yan birni ba za ku gane ba. A garinmu ɗan gida ba a yi masa shimfiɗa, ba a rufe masa kwano. Ɗan gida shi ake ba ɗumame, a aike shi ya ɗaure jaki, a yi masa faɗa in ya cika loma. Ranar da aka yanka maka kaza a gidan ubanka, ba biki ba suna, an sallame ka ke nan cikin mutunci. Da zagi ne da na rama, da duka ne da mun daku an raba mu. Amma wa zai kai ƙara wurin mai gari cewa an karrama shi?

Da safe na tare Habsu tana tankaɗe. Matar wa ce, akwai wasa tsakaninmu, ita ce kawai zan iya tambaya.

"Habsu, yaushe na zan baƙo gidan ga?"

Ba ta ɗago ba. "Ni abin da anka ce in yi shi nika yi. Yayanka ya ce soja ba shi cin tuwon talakawa."

"Baba ya bar wata magana bisa kaina?"

Ta ce, "Har ya cika bai kama sunanka da mugun abu ba. In an ji ƙugin mota dai, sai shi ce a dubo ko kai na."

Daga nan na shiga ɗakin Inna. Ta kama hannuna ta shafa tabon tol, ta saki. Ita ma ba ta daɗe ba ta bi Baba.

Yanzu ga sashen sana'ar da babu sarzan da zai koya muku. Na ga sojoji da yawa da irin wannan ta same su. Wani ya yi fushi ya daina zuwa gida, ya ƙare a birni, ya mutu aka rasa mai wanke shi sai abokan bariki. Wani ya shiga sayen zuciyar dangi da kaya, ya kwashe abin da ya mallaka ya kai, suka karɓa suka ƙara raina shi. Wani ya riƙa bin tsofaffi gida-gida yana bayani kamar wanda ake tuhuma da satar akuya. Ni bayanina na Attantane shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Me zan bayyana wa mutumin da aka haifa a bakin rairayin nan? Sau nawa Yaya da kansa ya fita da hauya ya taya direbobin kasuwa haƙa, ya dawo yana dariyar wautar wanda ya taka birki? Ya sani sarai. Wanda zai ɗora wa mutuwar Baba yake nema, fari kuwa ba a kama shi a tuhuma, gwamnati ta yi nisa, ni ne kusa, ga ni kuma da kaki.

Abin da na yi shi ne abin da aka koya mini, na riƙe wuta daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Duk hutu sai na zo. A shimfiɗa tabarma in zauna, a kawo kwano mai murfi in cinye tas, in yaba miya da ƙarfi yadda zai ji daga ƙofar gida. Ya ce, "Sannu, Soja," in ce, "Yawwa, Yaya." In damina ce in ɗauki hauya in bi shi gona ba da an kira ni ba, ya kama wannan gefe in kama wancan, mu wuni ba mu haɗa ido ba. Kajin Habsu dai sun ga ta kansu, har ta sa mini suna mai ƙarar da akurki. Da fari na biyu ya zo na sake jigilar hatsi, na sake wucewa ta bakin garin ba tsayawa, wannan karon babu wanda ya fito. Na yi aure nan Tasawa, na kai matata ta ga dangi, ita ma aka rufe mata kwano. 'Ya'yan Yaya suka tashi suna ce mini Baba Soja, suna tsammanin haka ake yi wa kowane ƙanen uba. Takaici kam na sha shi, amma ban bari ya ga ko alama ba.

Aikin ƙarshe da zan ba ku labarinsa ba na soja ba ne, ko lodi babu. Bayan na aje kaki na kama tuƙa wa wani Alhaji tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ina kai 'yan tireda kasuwannin ƙauye. Ranar kasuwar Kanan-Bakashe na sauke kaya da wuri, na ce bari in leƙa gida in ci kazata. Ƙaramar mota ce kuma wofi, na ratsa rairayin da sauran sanyin safiya, na karkata na shiga gari na aje ta a fako gaban masallaci. Na tarar da maza jugum a ƙofar gida. Rabi, babbar 'yar Yaya, ta zo goyon ciki, tun jiya take naƙuda, ungozoma ta yi iya yinta abu ya faskara. An aika a nemo amalanke, shanun suna daji. Yaya ya gan ni, ya ga motar, ya kau da kai. Girman kai ya hana shi buɗe baki, 'yarsa na ciki tana nishi.

Habsu ce ta fito, ko mayafi babu. Ta ce, "Illo, ɗiyarka za ta mutu."

Na ce a shimfiɗa katifa a baya, a ɗaura zane ya tare rana. Kafin a fito da ita rana ta kai tsaka. Na durƙusa gindin taya na fara sakin iska. Yaya ya zo ya tsaya a kaina, karo na farko da ya matso ni haka tun Attantane.

"Mi kaka jira kuma?"

"Iska nika ragewa. In ba ka iya jira, ɗauke ta bisa kai ka kai ta Tasawa."

Mata suka hau baya suka riƙe Rabi, Yaya ya shiga gaba ya zauna gefena, kamar yadda laftana ya taɓa zama. Na zaɓi giya tun a fako, na shiga. Rairayin ya yi laushi sosai, motar tana iyo, ina jin kukan yarinyar ta bayan kaina. Muna tunkarar gawo sai ga mutum tsaye a gindinsa. Baba Nomau ne, ƙanen mahaifinmu, wanda duk dangi ya fi kama da shi. Ya tsufa, ya dogara sanda, rigarsa ta yi masa yawa. Yana riƙe da 'yar ƙwarya ta rubutu da ya karɓo wa mai naƙuda wurin malam. Ya ɗaga hannu, irin ɗagawar nan.

Ni da na cika muku baki da cewa ba a tsayawa, ni da na wuce ubana da ayari a bayana, ranar nan ƙafata ta ɗaga da kanta. Ban sa ta ba. Kukan injin ya sauka, na ji tayar baya ta fara haƙa.

Sai na ji hannu ya danne mini gwiwa da ƙarfin manomi har ƙafar ta koma inda take.

"Illo, kak ka tsaya! In ka tsaya mun kahe!"

Motar ta yi tsalle ta fizge kanta. Muka wuce gawo, muka wuce tsohuwar rijiya, ƙurarmu ta rufe Baba Nomau da ƙwaryarsa. Yaya bai ɗauke hannunsa daga gwiwata ba sai da muka hau tsauri. Na sauka na hura tayoyi, ya karɓi famfon daga hannuna ya ƙarasa. Muka kama hanya har Tasawa. Sunana dai na ji shi a bakinsa, ba Soja ba, kuma ya san na ji.

A gidan likita aka yi wa Rabi aiki, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya suka rayu. Da aka sallame su ni na mai da su gida, da sanyin yamma. Aka shiga da mai jego, ni kuwa na nufi zaure kamar kullum na tsaya ina jiran tabarma. Shiru. Kaji na kiwonsu a tsakar gida babu wanda ya bi su. Can sai Habsu ta leƙo ta ce, "Illo, kana tsaye nan kamar wani baƙo, jaki ya shiga dangar mutane. Je ka ɗaure shi."

Na je na ɗaure jaki. Na dawo na tarar da Yaya a ƙofar gida da tsohon akushinmu, ba murfi, tuwon gero da miyar kuka ko mai babu. Ya matsa gefe kaɗan bai dube ni ba. Na wanke hannu na zauna. Ban kai loma ta uku ba ya ce, "Rage loma, nan ba bariki ba na."

Habsu ta kawo ruwa ta tsaya. Ta ce Baba Nomau ya ƙi zuwa barka. Tun ranar nan yake bin gari gida-gida yana faɗi, wai ya ɗaga wa Mamman hannu gaban mutane, da rubutu a hannunsa, Mamman na zaune gaban mota ya dube shi ya wuce, ya bar shi cikin ƙura. Ya ce shi da gidan nan sai dai gaisuwar hanya.

Yaya ya yanki tuwo, ya dangwali miya, ya ja tsaki.

"Tsohon ga bai san rairai ba," in ji shi.

Na ce, "Haka na, Yaya." Na kai loma.